Waya na hannun ɗan gida, amma wane hoto yake ɗauka?

Jama'ar Magarya da Dungas, na gida da na ci-rani.

Duk mai sauran forfe a wayarsa ya gwada wani abu: ya rubuta sunan Magarya a intanet, ya shiga wajen hotuna. Kafin ya ga kasuwa ko fadamar rake, gadon asibiti zai fara gani, da uwa rungume da yaro ana auna masa damtse. Ba mu ce ƙarya aka yi mana ba. Tun 2005 likitocin MSF ke aiki a sashen yara na asibitin Magarya, kuma a watan Satumba 2018 su da kansu suka sanar da duniya cewa a tsawon wata guda, yara wajen goma ke rasuwa kowace rana a wannan sashe, akasari saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. A watan Maris 2022 kuma wata tashar talabijin ta Senegal ta nuna mata da yara ƴan Nijar suna bara a titunan Dakar, gwamnati ta aika jirage aka kwaso su, aka ce mafi yawansu daga Kance da Magarya suke. Tun daga ranar, in ka faɗi garinku a wasu wurare a Yamai, akwai wani murmushi da ake yi maka. Duk wanda ya taɓa gamuwa da shi ya san abin da muke nufi.

Gundumomi biyu ne fa, komin goma sha ɗaya, daga Sasumburum da Kwaya da Yekuwa har zuwa Guci da Malawa da Dogo-Dogo. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da dubu 900 a cikinsu, balle yau. Amma duk wannan jama'a, hoto biyu duniya ta riƙe mana: gado da ƙoƙon bara. Waɗanda suka ɗauki hotunan sun zo ne cikin fararen motoci, sun yi kwana uku ko huɗu, sun ga abin da aka turo su su gani, sun koma. Ba mu zarge su ba, kuma da yawa cikin ƴaƴanmu suna raye yau albarkacin kuɗin da waɗannan hotuna suka jawo. Sai dai wanda ya zo neman ciwo, ciwo zai gani.

Abin da ya sake a ƴan shekarun nan shi ne, na'urar ɗaukar hoton ta faɗo hannun ɗan gida. Yaro da waya ta jikka talatin ko arba'in, gilashinta a tsage, yana bin rezo daga kan tudu zuwa kan tudu, wani lokaci ma da layin Najeriya don shi ya fi kamawa a garinsu, yana ɗaukar ranar kasuwa, yana ɗaukar kokowar kaka, yana ɗaukar tsohuwa tana kaɗi, ya ɗora a Facebook ko TikTok, ko ya watsa a gurup na WhatsApp. Kafin la'asar ɗan garin da ke Tamanrasat ya gani, na Sabha ya gani, na Legas da na Abijan sun gani, har wani ya aiko vokal yana tambayar ko itacen kukar ƙofar gidansu na nan. Dattawa da yawa in an ce “ƴan TikTok” sai su tofar da yawu. Akwai dalili, ba mu musa ba, don mun ga rawar banza, mun ga zage-zage, mun ga yarinyar da aurenta ya mutu a kan bidiyo na daƙiƙa talatin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: manyan da ke tofar da yawun, su ne kuma ke turawa juna bidiyon da dare. Amma ra'ayinmu a nan shi ne, a cikin yaran nan akwai masu yin aikin da mu ma'aikatan rediyo aka ɗauke mu mu yi, kuma wani ɓangaren sun fi mu iya shi.

Abin ba sabo ba ne a ƙasar nan, mantawa muka yi. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo ta Nijar. Aikinsu shi ne a ba malamin lakwal ko wani mai ɗan ilimi rakoda, ya shiga ƙauye, ya zaunar da mutane, su faɗi ra'ayinsu a kan noma ko haraji ko lafiya, a kai kaset Yamai a sa a iska, manomi ya ji muryar manomi. Daga baya aka samu gidajen rediyo na karkara, na farko a Bankilare a 1999. Duk manufa ɗaya ce, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Bambancin kawai, a da sai an tace maganar a ofis kafin ta fita, kuma kaset sai ya yi sati yana hanya. Yau babu ofis, babu sati. A nan amfanin yake, a nan kuma haɗarin yake.

Mu da muka bi ta lakwal akwai wani abin da ya kamata mu lura da shi. An koya mana rubuta takardar neman aiki da faransanci, waƙafi da aya duk a wurinsu, a wasu azuzuwan ma har ana rataya wa yaro sambol in ya kuskura ya yi Hausa. Yau ga kundin da aka sa wa hannu ranar 26 ga Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. To, takarda ta faɗa. Amma waɗanda suka riga takardar aiki su ne yaran nan da matan da ke danna waya su yi magana ba tare da sun san harafi ko ɗaya ba. Vokal ya yi wa wanda bai shiga aji ba abin da shekaru sittin na yaƙi da jahilci ba su gama yi masa ba: ya ba shi damar aika maganarsa nesa ba tare da ya nemi mai rubuta masa wasiƙa ba. Ranar Hausa ma da ake yi kowace 26 ga Agusta, ai ba gwamnati ta ƙirƙiro ta ba, matasa ne suka fara ta a intanet a 2015, Abdulbaƙi Jari da abokansa.

Sai dai muna da ƙorafi a kan harshen. Yaro ɗan Bande ko ɗan Dancawo, a fada yana magana kamar ubansa, amma da ya kunna waya sai bakinsa ya koma na fim ɗin Kano. Ba mu da faɗa da Kano, ƴan uwa ne, can muke sayayya, can muke aure. Amma Kano na da dubban masu yi mata magana. Mu in muka ari bakinsu, wa zai ajiye namu? Haka al'adar ma. Wasu sun ɗauka al'ada ita ce a sa babbar riga ranar Salla a hau doki a ɗora kiɗa a kai. Wannan ado ne, kuma yana da kyau. Amma tsohon da ya san yadda gidan sarautar Magarya ya haɗa jini da na Daura, ko wanda zai iya jero maka labarin Sosebaki, yadda Dungas da Waca da Mirya suke a da kafin Damagaram ta yi ƙarfi, yana nan zaune a zaure, shekarunsa tamanin, babu wanda ya kai masa waya. Ranar 3 ga Satumba 2024 ruwa ya rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, ginin ƙasa na tun ƙarni na 19. Kowa ya ga bidiyon faɗuwarsa, don ta yi ƙura, ta yi ƙara. Tsofaffi kuwa in za su faɗi ba sa ƙara.

Bari mu daɗe kaɗan a kan gawo, don shi ne misalin da ya fi ci mana rai.

Duk manomin yankin nan ya san halin gawo: da damina ya zubar da ganye ya bar wa hatsi rana, da rani ya yi kore ya ba dabba inuwa da ƴaƴa, ƙarƙashinsa kuma gero ya fi na ko'ina tsayi. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun ya kafa doka mai tsanani a kan duk wanda ya sare shi. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 gonaki sun yi fayau, iska na kwashe shuka. Sai manoma, ba tare da wani babban proje ya biya su ba, suka koma barin tsiron da ya fito da kansa a gona, suna rage masa rassa, suna kare shi daga gatari da awaki, abin da ake kira sassaben zamani. A 2006 masu bincike, cikinsu har da ɗan ƙasarmu Mahamane Larwanou da wani Bature Chris Reij, suka fitar da sakamakon aikinsu a kan Magarya da Matamai da Mirya: wajen hekta miliyan ɗaya ta sake rufuwa da itace, akasari gawo. Hotunan tauraron ɗan Adam sun tabbatar. A faɗin Nijar ana maganar hekta miliyan biyar da itatuwa wajen miliyan 200. Ana kawo wannan labari a manyan tarukan duniya a kan hamada, ana koyar da shi a jami'o'in Turai da Amurka, ana kawo baƙi daga wasu ƙasashe su gani da ido.

To ina wannan a wayoyinmu? Babban abin da iyayenmu suka yi da hannunsu, wanda duniya ta sara musu a kai, an rubuta shi da turanci da faransanci, mai gonar bai taɓa jin an ce ya yi abin kirki ba. Shi a ganinsa noma kawai yake. Ɗansa kuma yana wucewa ta ƙarƙashin itacen da waya a hannu yana neman abin ɗauka, bai ga komai ba, don tun yana goye yake ganin gawo. Baƙo ba ya ganin arzikinmu don bai daɗe ba, ɗan gida ba ya gani don ya daɗe da yawa. Minti uku da dattijo a gindin gawonsa, yana nuna yadda ake zaɓen tsiron da za a bari da wanda za a cire, da abin da yake yi in makiyayi ya sassake masa reshe, da yadda suke sasantawa, wallahi ya fi wata guda na shirin da za mu karanta daga takarda a estidiyo. Gani ya kori ji. Haka raken kwarin Korama da ake lodawa a Bande da Waca, haka rogo, haka riɗi, haka matan da ke matse man gyaɗa su yi ƙuli-ƙuli su biya wa yara kuɗin lakwal.

Sai maganar kai kuka, wadda ita ce ta fi jan mutane. Foraji ya lalace wata biyar, hanya ta yanke da damina, aji na zana ne yara na zaune a ƙasa. A da sai a tara dattawa a yi hayar mota a je wajen prefe, a zauna a benci, a ce ya fita. Yau yaro ya ɗauka ya ɗora, wani ɗan garin da ke aiki a ma'aikatar minista ya gani, kunya ta kama shi, a motsa. Tun da aka rusa majalisun komin a watan Afrilu 2024 aka naɗa kantomomi, babu kansila da talaka zai tare a kasuwa ya ce “ni na zaɓe ka”. Ƙofofin kai kuka sun ragu, don haka wannan ƙofa ta waya ba ƙaramar aba ba ce. Wanda ya nuna ajin zana ba tsokana yake ba. Kowa ya tuna yaran da wuta ta cinye a irin waɗannan azuzuwa a Yamai a watan Afrilu 2021, da na Maraɗi a watan Nuwamba na shekarar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma magabacin da ya san aikinsa, in ya ga irin wannan bidiyo, rahoto ne aka kawo masa kyauta.

Haka lokacin da CEDEAO ta sa mana takunkumi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024. Mu da naira ke yawo a aljihunmu tare da sefa, mu da Alhamis ɗinmu ta Maigatari ce, mu da rabin danginmu ke Babura da Zango da Ɓaure, ba a taɓa jin zafin abin a Yamai kamar yadda muka ji shi ba. Manyan kafofi suna ta maganar shugabanni da sojoji. Kuɗin tiyar masara, da canjin naira na safe da na yamma, da halin da mai ciwon da ya saba zuwa asibiti a tsallake yake ciki, a vokal da ƙananan bidiyo aka riƙa jin su.

Yanzu ga inda muka rabu da wasu daga cikin yaran namu, kuma ba za mu ɓoye ba.

An samu wani salo na “taimako”. A shiga gidan matalauci, a sa waya a fuskar mara lafiya, a yaye zane a nuna ƙurji ko kumburi, a sa uwa ta yi kuka, a ɗora waƙa mai sa tausayi, a rubuta lambar da za a turo kuɗi. Wani lokaci ana samun kuɗin, a yi aikin, Allah Ya saka wa wanda ya bayar. Amma mu tambayi kanmu: mene ne bambancin wannan hoto da wanda muka ce baƙi sun liƙa mana? Gadon nan ne dai, ƙoƙon nan ne dai, sai dai yanzu hannun da ke riƙe da wayar namu ne. Kuma ta wani fannin namu ya fi muni. Manyan ƙungiyoyin agaji aƙalla suna da ƙa'idar neman izini, sau da yawa suna sauya suna, kuma hotonsu can Turai yake tafiya inda ba wanda ya san matar. Namu kuwa a gurup ɗin garinsu zai faɗa. Kishiyarta za ta gani, surukanta za su gani, wanda zai nemi auren ƴarta nan da shekara goma zai iya gani, don abin da ya hau intanet ba ya sauka. Matar da yaronta ke hannu rai-kwakwai-mutu-kwakwai, in ka ce mata “in ɗauka?” me za ta ce? Eh za ta ce. Wannan ba izini ba ne, tilas ce ta sa rigar izini. Zama ɗan gida bai ba kowa lasisin tallar talaucin maƙwabcinsa ba.

Ana iya neman taimako ba a tona asiri ba. A nuna takardar likita a rufe suna, a sa limamin unguwa ko mai gari ya yi magana a madadin iyalin, a ɗauki mutum daga baya. Kuma in kuɗi sun shigo, a dawo a faɗi nawa aka samu, nawa aka kashe, ina ragowar. Wanda ya iya yin bidiyo biyar na roƙo ya iya yin ɗaya na lissafi. In bai yi ba, kada ya yi fushi in mutane sun fara ƙus-ƙus a kan sabon babur ɗinsa. Mai son ganin yadda ɗan gida ke ɗaukar wahalar gida ba tare da ya wulaƙanta masu ita ba, ya nemi fim ɗin da Aisha Maki ta fitar a 2021 a kan matasan unguwar Kara-Kara ta Damagaram. Ta nuna talauci da tashin hankali ba ta rage komai ba, amma mutanen cikin fim ɗin su ke magana da bakinsu, a tsaye suke, ba a kwance ba.

Akwai kuma ji-ta-ji-ta. Tsakanin Nuwamba 2022 da ƙarshen Janairu 2023, hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙidaya mutum 559 da sanƙarau ya kama a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma fiye da rabin masu ciwon a ɓangaren Dungas suke. A irin wannan lokaci vokal ɗaya da ya ce allurar rigakafi makirci ce yana iya hana ƙauye guda fitowa. Mai mabiya dubu goma ya sani cewa ya zama gidan rediyo, ko ya so ko bai so ba, kuma magana zarar bunu ce.

Doka ma tana nan, kuma yawancin yaran ba su san ta ba. A 2019 aka kafa dokar laifukan intanet. A 2022 aka sassauta ta, aka cire ɗauri a kan zagi da ɓata suna. A watan Yuni 2024 aka maido da ɗaurin: shekara ɗaya zuwa uku a kan zagi ko ɓata suna, biyu zuwa biyar a kan watsa abin da aka ce zai tada hankalin jama'a ko ya taɓa mutuncin ɗan Adam. Samira Sabu, ƴar jarida ce sananniya mai lauyoyi da ƙungiyoyin duniya a bayanta, amma a 2020 sai da ta yi sama da wata guda a kurkuku a kan rubutun Facebook. To ina ga yaron Dogo-Dogo da ba wanda ya san sunansa a Yamai? Muna faɗin wannan ne ta fuska biyu. Ga magabata: kalmar “tada hankalin jama'a” tana da faɗi ƙwarai, kada a shimfiɗa ta a kan wanda ya nuna rijiyar da ta ƙafe. Ga matasa: nuna rijiyar, faɗi ranar da ta lalace, faɗi mutum nawa ke sha a cikinta, faɗi wa aka gaya wa. Kada ka ce wane ya ci kuɗin sai kana da takarda a hannu. Rijiya ba ta kai ƙara, mutum ke kaiwa.

Mu ma'aikatan rediyo kuma, maimakon mu tsaya muna hararar su don sun kwashe mana masu saurare, akwai abin da muke da shi da ba su da shi, akwai nasu da ba mu da shi. Mu an koya mana jin ɓangare biyu kafin a buɗe mikro, mun san wanda ake kira a asibiti ko a ofishin noma a tabbatar da magana, kuma har gobe tsohuwar da ke can ƙauyen da babu rezo, rediyonta na rataye a jikin danga. Su kuma suna da ƙafa, suna da ido, suna shiga inda babur ɗin gidan rediyo ba shi da man zuwa. Rabin awa a sati da za a sa muryoyin da suka ɗauko, bayan an tantance, da sunan wanda ya ɗauko, ba zai ci mana ko dala ba. Sannan a ɗakunan ajiyar gidajen rediyo da yawa na jihar nan akwai kwalaye cike da tsofaffin kaset, waƙoƙin biki, hirar sarakuna da malamai da makaɗan da suka riga mu gidan gaskiya, zafi da ƙura da gara suna cin su. Rakodar da za ta juya su ma ta kusa ɓacewa a kasuwa. Yaron da ya iya haɗa bidiyo a waya zai iya kwafe kaset goma a yini in an ba shi kujera da wuta.